Ganina yana raguwa: in fara koyon manhajar karanta allo yanzu, ko in jira?

Akawun_Gwale:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ma'aikacin ofis ne, aikina rubuta wasiƙu da shigar da lissafi a kwamfuta, kuma likita ya tabbatar mini cewa ina da hawan jinin ido, wato gilakoma. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana raguwa daga gefe, har ta kai ina ganin tsakiyar allo sarai amma kibiyar linzami takan ɓace mini in yi ta nemanta. Ina ɗiga magani kamar yadda aka umarce ni, sai dai likitan bai ɓoye mini ba cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, aikin maganin shi ne tsare sauran. Wani abokin aikina ya ce in fara koyon manhajar da ke karanta allo da murya tun yanzu, babban ɗana kuwa yana ganin hakan sallamawa ne tun lokaci bai yi ba, ya ce a ƙara girman rubutu kawai. Na saka irin wannan manhaja mai suna NVDA na saurara, amma maganarta ta yi mini yawa, ban san abin da zan riƙe ba da wanda zan bari ya wuce. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su gaya mini: yanzu ya dace in fara, kuma ta ina ake farawa?

Malam_Idi_Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam Akawu. Allah ya ba da lafiya, ya tsare abin da ya rage. Ka fara yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ganina ya tafi ne cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, don haka na koyi kwamfuta ban taɓa ganin yadda Windows take ba, kuma abin da ya fi wahalar da ni shi ne gane tsarin abubuwa, wato ina ne sama, ina ne ƙasa, me ke cikin me. Kai wannan taswirar tana cikin kanka, kuma har yau kana iya duba allo ka gaskata abin da muryar ta faɗa. Amma ba da manhajar za ka fara ba, da madannai za ka fara. Ka shafa maɓallan F da J, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne, nan ne mazaunin yatsunka manuna biyu, kuma daga nan ake isa ga kowane harafi ba tare da kallo ba. Wanda bai iya buga rubutu ba tare da kallon yatsunsa ba, duk manhajar da aka saka masa wahala zai sha.

Umman_Khalifa:
Ina goyon bayan Malam Idi. Maigidana ciwon suga ne ya taɓa masa ido, kuma ya jinkirta koyo saboda yana fatan aikin da za a yi masa zai dawo da ganin. Da lokacin ya zo, sai koyo da baƙin ciki suka haɗu masa a lokaci guda, abin ya yi nauyi ƙwarai. Ka gaya wa ɗanka cewa koyon manhaja ba ya rage wa ido komai, kuma ba ya hana addu'a ko shan magani.

Nas_Ladidi:
Baba Akawu, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido, kuma ina so in yi magana a kan shawarar ɗanka ta ƙara girman rubutu, domin tana da amfani ga wasu amma ba lallai ta yi maka ba. Wanda cutarsa ta ci tsakiyar gani, kamar yadda yakan faru ga wasu masu ciwon suga, shi ne babban rubutu yake taimaka wa. Hawan jinin ido kuwa yawanci daga gefe yake farawa, yana lalata jijiyar gani a hankali har filin ganin mutum ya ƙuntata. Idan aka ƙara wa irin wannan mutum girman rubutu sosai, sai kalma guda ta fi ƙarfin ɗan filin da ya rage masa, ya koma yana ganin haruffa biyu ko uku kacal. Abin da ya fi taimaka wa irinka shi ne ƙara bambancin launi, kamar farin rubutu a kan baƙin allo, da kuma ƙara wa kibiyar linzami girma da launi mai haske, kuma duk waɗannan suna cikin saitin Windows. Kada ka fasa ɗiga maganin ko da rana ɗaya, kuma ka tura 'ya'yanka da 'yan'uwanka na jini a auna musu ido, domin cutar tana bin dangi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, kuma bambancinsu shi ne yanar ido ana cire ta gani ya dawo.

Injiniya_Bello:
Game da yawan maganar da ka ce ta dame ka, Malam Akawu, akwai dalili, kuma yana gyaruwa. NVDA tana zuwa ne da saitin bin linzami a kunne, don haka duk inda kibiyar ta gifta sai ta karanta abin da ke ƙarƙashinta, kai kuwa har yanzu hannunka yana kan linzami. Ka riƙe maɓallin Insert ka danna M, wannan zai kashe bin linzamin. Maɓalli na biyu da za ka riƙe da daraja shi ne Ctrl, domin da zarar ka taɓa shi muryar za ta yi shiru. Na uku shi ne Insert tare da lamba 1, wanda ke kunna darasin madannai: duk maɓallin da ka danna za ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ya aikata komai ba, sai ka sake danna su biyun ka fita. Ka yi ta wasa da wannan har yatsunka su san gidansu. Daga nan sai ka ƙara Insert da T don jin sunan tagar da kake ciki, da Alt da Tab don sauya taga, da Insert da kibiyar ƙasa don ta karanta maka takarda daga inda kake har ƙarshe.

Sadiya_Jos:
Injiniya, gyara kaɗan, don kada Baba Akawu ya rikice idan laftof yake amfani da ita. Yawancin ƙananan laftof maɓallin Insert ɗinsu a ɓoye yake ko kuma a haɗe da wani, shi ya sa NVDA take ba da zaɓin a mayar da Caps Lock ya zama maɓallinta tun a tagar farko da take buɗewa. Akwai kuma tsarin madannai iri biyu, na kwamfutar tebur da na laftof, kuma a tsarin laftof karanta takarda gaba ɗaya da harafin A ake yi, ba da kibiyar ƙasa ba. Ya zaɓi tsari ɗaya ya tsaya a kansa.

Injiniya_Bello:
Gaskiyarki, Malama Sadiya, na tebur nake nufi. Malam Akawu, ka gaya mana wace iri ce a ofishinku.

Ɗan_Gindiri:
Ni a makarantar makafi ta Gindiri na yi karatu, kuma yanzu ina koyar da manya waɗanda ganinsu ya tafi da girma. Zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Matuƙar allon yana kunne a gabanka, Malam Akawu, ba za ka koya ba, domin duk lokacin da muryar ta faɗi abin da ba ka gane ba, wuyanka zai miƙa zuwa allo, hannunka ya koma kan linzami, kunnenka kuma ya ci gaba da zama ɗan kallo. Na ga wannan a wurin ɗalibai da yawa. Mai sauran gani yakan fi wanda ba ya gani ko kaɗan jinkirin koyo, saboda yana da wurin gudu. NVDA tana da labulen allo tun fitowar 2019.3, wanda ke mayar da allon baƙi ƙirin alhali kwamfutar tana aiki, kuma ana kunna shi da maɓallin NVDA, wato Insert ko Caps Lock, tare da Ctrl da Escape. Ka cire linzamin ka saka a aljihun tebur, ka saki labulen, ka yi aikinka haka.

Hajiya_Turai:
Malam Ɗan Gindiri, ina girmama ƙwarewarka, amma ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Mutumin da yake kwana yana tunanin ranar da duhu zai rufe shi, sai a ce ya kawo duhun da hannunsa tun yau? Ni dundumi na fara yi tun ina budurwa, daga baya likitoci suka ce cutar gado ce da ke cin tantanin bayan ido a hankali, kuma na san abin da baƙin allo yake yi wa zuciyar mai irin wannan hali. Lokacin da aka kashe mini allo a farkon koyona, ba darasi na ɗauka ba, kuka na yi, kuma na daɗe ban sake kusantar kwamfutar ba. Abin da ya dawo da ni shi ne haɗa ido da kunne. A cikin wannan fitowar da ka ambata aka kawo saitin da ke zana layi mai launi kewaye da abin da manhajar take karantawa, sai in ji ta ce "maɓalli", in duba in ga inda layin yake, a haka na gane abin da kowace kalma tata take nufi. Sauran ganin da Allah ya bar wa mutum ni'ima ce, ban ga dalilin da za a hana shi amfani da ita wajen koyo ba.

Ɗan_Gindiri:
Hajiya, ban ce ya yini a haka ba, kuma ban raina abin da kika ji ba. Amma ina tambaya: ranar da layin mai launi ya daina ganuwa fa? Wanda ya saba da jingina da shi zai sake koyo daga farko, a lokacin da zuciyarsa ta fi rauni.

Hajiya_Turai:
Ranar ta zo mini, Malam, kuma ban koma farko ba, domin kafin ta zo kunnena ya riga ya karɓi aikin da kansa, kaɗan-kaɗan, ba tare da an tilasta masa ba.

Malam_Idi_Zariya:
Ina ganin ku biyun kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Idan da ni ne Malam Akawu, zan bar allo a kunne a ofis, inda kuskure yake da tsada kuma ana jiran aiki, in kuma keɓe ɗan lokaci a gida bayan sallar isha in saki labulen in yi abu ɗaya ƙarami, kamar buɗe takarda, rubuta sakin layi guda, adana ta, sannan in nemo ta in sake buɗewa. Mutum yana iya zagaya ɗakinsa idan an ɗauke wuta saboda ya san inda komai yake tun da haske, to haka nake so ya san kwamfutarsa.

Akawun_Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, ta tebur ce a ofis, laftof kuma a gida. Na kashe bin linzamin kamar yadda ka ce, kuma maganar ta ragu sosai. Malama Ladidi, bayaninki ya warware mini abin da na kasa fahimtar da ɗana, domin lallai idan na ƙara girman rubutu sai in rasa farkon layi. Akwai wani abu da ban faɗa ba tun farko: ina jin nauyin abokan aiki su ji kwamfutata tana magana, domin ban sanar da shugabanmu halin da nake ciki ba, kuma ina tsoron a ce na gaza.

Barista_Nura:
Malam Akawu, maganar murya mai sauƙi ce, ka saka abin sauraro a kunne ɗaya ka bar ɗayan don jin mutane. Maganar shugaba ita ce babba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta a nuna wa mutum bambanci saboda nakasa, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Ban ce ko'ina ake bin ta yadda ya kamata ba, amma tana nan. Shawarata ita ce ka sanar da shi a rubuce, tare da takardar likita, a lokacin da za ka iya nuna masa da hannunka cewa kana rubuta wasiƙa da manhajar. Shugaban da aka zo masa da matsala tare da maganinta ya fi saurin sauraro a kan wanda ya gano da kansa bayan an yi kuskure a lissafi. Za ka kuma buƙaci izinin masu kula da kwamfutocin ofis kafin ka saka manhaja, ko da yake NVDA tana iya tashi daga filash ba tare da an girka ta ba.

Kabiru_Kwamfuta:
Ni a ganina idan aikin ofis ne, gara ya koyi manhajar karanta allo ta JAWS kai tsaye, domin ita ce ta daɗe a hannun ma'aikata. Ted Henter, wanda ya rasa ganinsa a hatsarin mota a 1978, shi ne ya samar da ita, kuma ta Windows ta fito tun 1995. Akwai masu saka ta a kasuwa da kuɗi kaɗan.

Sadiya_Jos:
Malam Kabiru, abin da ake sakawa a kasuwa da kuɗi kaɗan kwafin sata ne, kuma bai dace a saka shi a kwamfutar da ke ɗauke da lissafin ofis ba, ga haɗarin ƙwayar cutar kwamfuta, ga rashin sabuntawa. JAWS manhaja ce mai kyau, amma lasisinta da dala ake biya, kuma idan ba a biya ba minti 40 take aiki sannan sai an sake tayar da kwamfutar. NVDA kyauta ce ta halal. Michael Curran ya fara ta a 2006 a Ostireliya, James Teh ya haɗu da shi, dukansu makafi ne, kuma dalilinsu shi ne kada makaho ya biya ƙarin kuɗi kafin ya yi amfani da kwamfutar da mai gani yake amfani da ita. Yawancin umarnin yawo a intanet ma iri ɗaya ne a manhajojin biyu, H don tsallakawa daga kan magana zuwa na gaba, B don maɓalli, E don gurbin rubutu, saboda haka wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuyar ɗayar ba. Ya kuma san cewa Windows tana da tata mai suna Narrator, wadda ake tayarwa da Ctrl da maɓallin Windows da Enter, tana ceton mutum ranar da babbar manhajar ta yi shiru.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan madannanmu tsarin Faransa ne, harafin A yana inda Q yake a naku, amma tudun F da J yana nan daram, kuma NVDA tana magana da Faransanci. Abin da nake so in tambaya shi ne yadda kuke yi da rubutun Hausa, domin muryar Faransanci tana haɗiye ƙarshen kalmomi har ba na gane saƙon da ƙanena ya aiko mini.

Malam_Idi_Zariya:
Ɗan'uwa na Maraɗi, muryar Turanci ma haka take yi mana, tana karkatar da wasula. Dabarar da nake yi ita ce in koma kan injin murya na eSpeak da ke zuwa tare da NVDA, in zaɓi muryar Swahili, domin tana furta wasulan nan biyar kamar yadda aka rubuta su. Ba ta san karin sauti ko tsawon wasali ba, kuma muryar ba ta da daɗi, amma ana fahimta. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ne wasu muryoyi suke tsallakewa ko su kira su da wani dogon suna a tsakiyar kalma. A nan ƙamus ɗin furuci na NVDA yake da amfani, domin kana iya umartar ta cewa duk inda ta ga ƙ ta furta k. Sai dai idan kai ne kake rubutu, ka bi kalmar harafi-harafi da kibiya kafin ka aika, tun da kunne ba zai bambance maka su ba bayan wannan gyara.

Umman_Khalifa:
Kada a manta da waya. Maigidana da TalkBack, manhajar karanta allon waya, ya fara a wayarsa ta Android, kuma ranar da ya iya sauraron saƙonninsa da kansa ba tare da ya kira yaro ya karanta masa ba, ranar ce ya yarda zai koyi kwamfuta. Sirrin mutum yana cikin wayarsa, saƙon banki da na iyali, kuma rasa wannan sirrin ya fi yi masa ciwo fiye da rasa karatun jarida.

Hajiya_Turai:
Wannan gaskiya ne, Umman Khalifa. Amma Malam Akawu ya sani cewa da zarar an kunna TalkBack, taɓawa ɗaya karantawa kawai take yi, sai an taɓa sau biyu abu yake buɗewa. Mutane da yawa sukan firgita a nan su ɗauka wayar ta lalace.

Injiniya_Bello:
Bari in dawo da mu kan aikin Malam Akawu, tun da lissafi ya ambata. Excel tana daga cikin wuraren da manhajar take aiki da kyau, domin kowane gurbi yana da suna, kuma idan ka matsa da kibiya za ta faɗi abin da ke ciki da kuma inda kake, misali C7. Idan ka tsaya a gurbin farko na layin da kanun ginshiƙai suke ka danna maɓallin NVDA da Shift da C, daga nan duk ginshiƙin da ka shiga za ta gaya maka kansa, ba sai ka riƙe a ka cewa ginshiƙi na huɗu shi ne na albashi ba. Inda za ka gamu da cikas shi ne takardun da aka ɗauki hotonsu aka aiko, domin a wurin manhajar hoto ne kawai, babu rubutu. Maɓallin NVDA da R yana sa Windows ta yi ƙoƙarin gano haruffan da ke cikin hoton, amma kada ka amince da lambobin da ta karanto daga takarda mai dishi-dishi sai wani ya tabbatar maka. Ka roƙi abokan aiki su riƙa aiko maka da ainihin fayil ɗin maimakon hotonsa.

Ɗan_Gindiri:
Ƙari a kan saurin murya. Kada ka ji mu muna sauraro da gudu ka ce sai ka yi haka. Ka rage saurin har kowace kalma ta fito, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan duk lokacin da ka ji ka fara gajiya da jiranta. Kuma har yanzu ina kan bakana game da labule, ko da na rabin sa'a ne a rana.

Akawun_Gwale:
Na karanta duka, wasu da ido, wasu kuma na bar manhajar ta karanta mini. Daren jiya na gwada shawarar Malam Idi a gida, na saki labulen na rubuta gajeriyar wasiƙa na adana ta, amma da na zo nemo ta sai na ɓace a cikin tagar buɗe fayil, ina ta danna Tab tana kiran sunayen wurare ban san a wanne nake ba, har na ɗage labulen na duba. Ɗana yana zaune kusa da ni, kuma shi ne ya ce in tambaye ku wannan. Shin akwai tsarin da wuraren wannan taga suke bi, wanda mutum zai haddace, ko kuwa akwai gajeriyar hanyar da take kai mutum kai tsaye cikin jerin fayilolin?

Sadiya_Jos:
Akwai, Baba. Idan tagar ta buɗe, a gurbin sunan fayil take ajiye ka, don haka idan ka tuna sunan sai ka fara rubuta shi kawai. Idan kuma jerin kake so, ka riƙe Shift ka danna Tab don komawa baya har ka ji ta ambaci jerin abubuwa, sannan ka danna harafin farko na sunan wasiƙar, za ta tsallaka da kai can. Ka gwada yau da allo a kunne tukuna, ka ga inda kowane dannawa yake kai ka, gobe kuma ka maimaita da labule.